Nasiha Ga Mai Gida Game Da Majigin Tarihi Na Baƙin Harsuna

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda ya halitta mana ji da gani, ya kuma sanar da mu cewa za a tambaye mu a kansu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan shafi, ina so in yi magana yau a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu ba da sallama ba, ya sami wuri ya zauna, har ya zama ɗan gida. Watau majigin tarihi, irin wanda a ke kawowa daga ƙasar Turkiyya da Masar da Farisa da Hindu, a ke kallonsa a akwatin talabijin ko a wayar hannu bayan sallar lisha. Ba zan tsaya kan gardamar hukuncin hoto ba, gama malamai sun yi ta, littattafansu kuwa suna nan ga mai bukata. Maganata da mutumin nan ce da ya kan ce wa ɗan'uwansa, "Nemi wannan ka kalla da iyalinka." Kalma ce mai sauƙi a baki, amma ni na ɗanɗana nauyinta, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata rana wani maƙwabcina, uban ɗaya daga cikin almajiraina, ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Allah ya gafarta malam, an kawo mini wasan Annabi Yusufu wanda mutanen Iran suka yi, an juya shi da Hausa. Ko in bar yara su gani?" Ni kuwa ban taɓa ganinsa ba, na dai ji ana yabonsa a bakin jama'a. Sai na ce, "Na ji an ce akwai wa'azi a ciki." Iyakar abin da na faɗa ke nan, na sa takalmi na wuce. Shi kuwa ya isa gida ya ce wa iyalinsa malam ya ce a kalla.

Bayan 'yan watanni, a wani daren Alhamis da ba karatu, na tara yara ina ba su labarin annabawa kamar yadda na saba. Na kai ga mafarkin sarkin Masar, na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, sai ɗan maƙwabcin nan nawa, yaro mai hazaƙa wanda ya haura izifi talatin, ya ce, "Malam, ai sunan sarkin Akanatun." Na ce, "A wane littafi ka samu?" Ya ce, "Ba a littafi ba ne, na gani da idona." Sauran yara suka ce ƙwarai haka ne, su ma sun gani. Na zama ni kaɗai ne a tsangayar ban da hujja, alhali kuwa Alƙur'ani bai ambaci sunan sarkin nan ba, bai kuma ambaci sunan matar Azizu ba. Masu shirya wasan su ne suka zaɓi wani sarki daga cikin sarakunan Masar na dā suka ɗora masa labarin. Wasan kashi 45 ne, an fara nuna shi a Iran a 2008, mai shirya shi kuwa sunansa Farajullahi Salahshur. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo daga baya, sa'ad da yaron ya iso Suratu Yusufu a allonsa. Ya ce mini duk lokacin da ya ke biya ta, fuskar mutumin nan na majigi ya ke gani. A nan na san cewa da hannuna a cikin wannan ɓarna, gama da bakina aka buɗe ƙofar.

Ku sani, ya 'yan'uwa, wanda ya ce wa wani "kalli wannan" ya tsaya a matsayin mai riwaya. Ya ɗauko labari daga wani wuri ya miƙa, ya kuma jingina shi da mutuncinsa. Malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai sun san wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, har zuwa asali, sun kuma ƙidaya yaɗa duk abin da kunne ya ji cikin aibobin mai riwaya. To, mu da muka gaji wannan tarbiyya, yaya za mu tsananta a kan takarda mu sassauta a kan hoto, alhali hoto ya fi takarda saurin kama zuciya? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma a nan ne haɗarin ya ke, domin abin da yaro ya gani a majigi ya kan kori abin da ya ji daga malaminsa, ko da abin da ya gani ƙirƙira ce, abin da ya ji kuwa nassi ne.

In wani ya ce, "Me ya hana ka ce a daina kallo ɗungum, a huta?" sai in ce masa iyayenmu sun sami wannan sauƙi, mu ba mu samu ba. A zamaninsu silima gida ce mai ƙofa da mai karɓar kuɗi. An buɗe ta Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, mai zuwa can sai ya yi niyya ya taka da ƙafarsa, kowa kuwa yana ganinsa. Da gobara ta kama silimar El Duniya a 1951, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa suka ɗauke ta ishara, malami ya ce kada a je, aka ji. Yau kuwa dodon bango ya sauko daga bango ya shiga aljihu. In ka rufe akwatin da ke falo, wayar da ke ƙarƙashin matashi tana nan. Ina girmama malaman da suka zaɓi hani gaba ɗaya, kuma wanda ya iya tsare gidansa a kan haka ya yi abin yabo. Amma mafi yawan gidaje ana kallo, mai gida ya sani ko bai sani ba. Tun da haka ne, gara ya sani, ya zaɓa, ya kuma zauna a wurin. Ga mas'aloli huɗu da na ke roƙon ya riƙe kafin ya yaba wa kowa wani majigi.

Mas'ala ta farko ita ce, kowane mai shirya majigi yana da abin da ya ke nufi, kuma ya kan tanƙwara tarihi ya bi nufinsa. Ku dubi wasan Salahuddini wanda Yusufu Shahin ya yi a Masar a 1963, mai suna An-Nasir Salahuddin. Wasa ne mai kyan gani, da dawaki da rundunoni, da Larabci mai daɗin ji. An yi shi a zamanin Jamal Abdul Nasir, lokacin da a ke kiran Larabawa su haɗa kai, don haka aka tufatar da Salahuddini rigar jagoran Larabawa, alhali shi Bakurde ne, haifaffen Tikrit ta ƙasar Iraƙi. Har wa yau akwai wani mutum a cikin wasan mai suna Isa al-Awwam, watau Isa mai iyo. Wannan mutum na gaske ne. Alƙali Baha'uddini ɗan Shaddadu, wanda ya yi alƙalancin rundunar Salahuddini ya kuma rubuta tarihinsa, ya ba da labarinsa. Sa'ad da mayaƙan Nasara na Turai suka kewaye birnin Akka ta tudu da ta ruwa, daga 1189 zuwa 1191, Isa shi ne ya kan ɗaura wasiƙu da kuɗi a ƙugunsa da dare, ya nutsa ta ƙarƙashin jiragen abokan gaba, ya ɓulla cikin birni. In ya isa sai a saki tantabara, mutanen waje su san ya isa lafiya. Wani dare a 1190 ya tafi da jaka uku masu dinari dubu, aka yi ta zuba ido, tantabara ba ta tashi ba. Bayan kwanaki teku ta jefo gawarsa bakin gaɓa a wajen mutanen birnin, ga dinarin da wasiƙun ɗaure a ƙugunsa, ba abin da ya ɓata. Alƙalin ya ce Musulmi ne. Masu majigi kuwa suka mai da shi Banasare Balarabe, shugaban mayaƙa, suka kuma ƙulla masa soyayya da wata Baturiya daga rundunar abokan gaba. Nufinsu shi ne su nuna Musulmi da Kirista na ƙasa ɗaya suna iya tsayawa sahu ɗaya, wannan kuwa nufi ne mai kyau, ba mai ƙin zaman lafiya sai jahili. Amma kyan nufi ba ya mai da ƙirƙira ta zama tarihi. Wanda ya yaba wa ɗan'uwansa wannan wasa bai gaya masa haka ba, ya ba shi nono da ruwa a ciki ya ce tsantsa ne.

Mas'ala ta biyu ita ce, inda tarihi ya yi shiru, mai majigi ba ya yin shiru. Babu wasan da ya shiga gidajen Musulmi a 'yan shekarun nan kamar na Ertugrul, wanda gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya ya nuna daga 2014 zuwa 2019. Ertugrul shi ne mahaifin Usmanu wanda ya kafa daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba. Wasan kashi 150 ne, kowane kashi wajen sa'a biyu. To, abin da masana suka tabbatar na rayuwar mutumin nan ba zai cika allo guda ba. An san sunansa daga wani kuɗi da aka buga a zamanin ɗansa, an san kabarinsa a garin Sogut, ana kuma ƙiyasta ya rasu wajen 1280. Littattafan da suka faɗaɗa labarinsa an rubuta su ne fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa. Sauran sa'o'in nan wajen ɗari uku da me aka cika su? Da tunanin marubuci. A cikin wasan ana ganin Shehu Muhyiddini Ibnul Arabi yana bayyana ga Ertugrul yana yi masa nasiha duk sa'ad da ya shiga ƙunci. Shehun ya zauna a ƙasar Turkawa, gaskiya ne, ya kuma rasu a Dimashƙa a 1240, amma masana tarihi ba su sami shaidar cewa sun taɓa saduwa ba. Ku dubi kuma ƙarfin kalmar mai ba da shawara. Imran Khan, lokacin yana Firayim Ministan Pakistan, ya yaba wasan ya ce a juya shi da harshen Urdu, aka fara nuna shi a can cikin azumin 2020, jama'a suka yi ca a kansa. Kalmar mutum ɗaya ta shigar da shi gidajen da ba su ƙidayuwa. Kai ma, mai gida, firayim minista ne a cikin gidanka.

Wanda ya ke shakkar wannan magana, ya gwada ta da abin da ya sani. A 2021 an fitar da wani majigi da Turanci a kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Mu mun san abin da aka rubuta a kanta: 'yan layuka ne a cikin Tarihin Kano, da 'yan layuka a cikin Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai kuma abin da ke bakin tsofaffi. Bahaushen da ya kalli majigin nan da nan zai ga inda aka ƙara, da inda tufafi da al'ada suka saɓa wa namu. Amma mutumin Turkiyya da ya kalle shi ba zai gani ba, zai ɗauka haka Zazzau ta ke. To, yadda ya ke a gaban tarihinmu, haka mu ke a gaban nasa. Haka kuma wasan nan na Sarki Akbar na ƙasar Hindu da matarsa Joda, wanda matanmu suka ƙwallafa rai a kansa. Akbar ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya kuma auri 'yar sarkin Amber a 1562, amma littattafan fadarsa ba su kira ta Joda ba. Sa'an nan sarkin nan ya shigo da waɗansu abubuwa cikin sha'anin addini waɗanda malaman ƙasarsa suka yi inkarinsu, cikinsu har da Shehu Ahmadu Sirhindi. Mai kallon wasan soyayya ba zai fita da wannan sani ba.

Mas'ala ta uku ita ce ta tafinta. Ba na raina aikin samarin nan masu juya majigi da Hausa. Sun buɗe wa iyayenmu mata da waɗanda ba su yi boko ba wata taga, har tsohuwa tana zaune a kan tabarma tana jin abin da sarkin Santambul ya ce wa wazirinsa. Amma ku tuna yadda mu ke yi a wurin tafsiri. Malam ba ya fassara shi kaɗai. Akwai mai jan baƙi a gefensa, yana karanta aya da Larabci kowa yana ji, sa'an nan malam ya fassara. In ya zame, akwai alaramma a cikin sahu da zai gane, gama asalin yana nan a kunnen jama'a. A majigin da aka juya kuwa an danne muryar asali an ɗora wata, ba mai jan baƙi, ba mai gyara. In tafinta ya ƙara ba'a don a yi dariya, ko ya sa wa wani sarki na shekara ɗari bakwai da suka wuce maganar 'yan tasha, ko ya tsallake abin da bai gane ba, wa zai kama shi? Sau da yawa ma ba daga harshen asali ya ɗauko ba, daga fassarar Turanci ko ta Larabci ya ɗauko, watau fassarar fassara, isnadi mai rauni ke nan a wurin masu ilmin riwaya. Irin wanda a ke barin muryar asali a rubuta ma'ana a ƙasan hoto ya fi kusa da amana, gama ya yi kama da littafin da malamai suka rataya wa ma'ana a gefe, matani yana nan, sharhi yana nan. Sai dai rubutun da boko ya ke zuwa, yana kuma wucewa da sauri, ban taɓa ganin wanda aka rubuta mana da ajami ba. Shawarata ita ce, in wasan da Larabci ne, a nemi na Larabcin, wanda ya yi karatu a gidan ya riƙa fassarawa. Almajiri zai ƙaru da lugga, kuma mai fassarar mutum ne da ka sani, ka san tsoron Allahnsa.

Mas'ala ta huɗu, wadda ta fi duka nauyi, ita ce fuskokin annabawa da sahabbai. A nan masu majigi sun kasu. Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Sham, ya yi wasan Ar-Risala a 1976, a kan farkon Musulunci. Ya ɗauke shi a Maroko da Libiya, ya kuma yi shi sau biyu a lokaci guda, ɗaya da Larabci, ɗaya da Turanci, kowane da 'yan wasansa. A na Larabci Abdullahi Gaisu ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza, a na Turanci kuwa Anthony Quinn. Ya kai rubutun wasan ga malaman Azhar suka duba. Bai nuna Annabi ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai sa masa murya ba, bai kuma nuna halifofi huɗu ba. In wani yana magana da Annabi, sai ya fuskanci mai kallo, a yi shiru, sa'an nan a gane amsar daga abin da ya biyo baya. Wannan ladabi ne. Duk da haka waɗansu malamai ba su yarda ba, domin Hamza da Bilalu su ma sahabbai ne, ba a kuwa nuna wasan a silimar ƙasar Saudiyya ba sai a 2018. Daga baya a 2012 aka yi wasan Sayyidina Umaru, kashi 31, wanda Hatim Ali ya shirya, aka nuna halifofin nan huɗu da fuska da murya. Waɗansu malamai sun duba shi sun yarda, Azhar kuwa ta ƙi. Mutanen Iran suka wuce nan, suka nuna Annabi Yusufu da Annabi Yaƙubu. Ni dai abin da na gani a allon almajirina ya ishe ni hujja. Fuskar da ta shiga zuciyar yaro ba a wanke ta kamar yadda a ke wanke tawada. Ɗan wasan da ya fito yau a matsayin annabi, gobe zai fito a matsayin ɗan kasuwa ko ɓarawo, zuciyar yaro kuwa ba ta da sakata tsakanin biyun. Saboda haka ba na yaba wa kowa wasan da aka nuna fuskar annabi, kome kyan wa'azinsa, na halifofi ma ina nisantarsa.

To, kada a ce malam ya rushe bai gina ba. Ga abin da na kalla da idona daga farko har ƙarshe, na ke kuma iya ɗaukar nauyin yaba shi, tare da bayyana aibinsa kamar yadda mai sayar da doki na gari ya ke yi.

Na farko shi ne wasan Umar Mukhtar, wanda Mustafa Akkad ɗin nan ya yi, ya fito a 1981. Ina sonsa, ba zan ɓoye ba, gama mutumin malamin Alƙur'ani ne kamar mu, tun farkon wasan ana ganinsa zaune da yara yana karantar da su. Mutanen Italiya sun shiga Libiya a 1911, shi kuwa ya yi shekara ashirin yana yaƙarsu da 'yan dawaki a duwatsun Jabalul Ahdar, har Janar Graziani ya tattara jama'ar ƙauyuka ya zuba su a sansanoni, ya ja waya mai ƙaya a kan iyakar Masar don a yanke musu taimako. An kama shi, aka rataye shi a Suluƙ ran 16 ga Satumba 1931, yana da shekara saba'in da 'yan kai, a gaban dubban mutane da aka tara don su gani su karaya. Wasan ya nuna wannan duka, har gwamnatin Italiya ta hana nuna shi a 1982, ba a sa shi a talabijin ɗin ƙasar ba sai a 2009. Aibinsa kuwa shi ne, gwamnatin Gaddafi ce ta ba da kuɗin yinsa, ita kuwa ta hau ne bayan ta tumɓuke Sarki Idirisu na gidan Sanusiyya a 1969, saboda haka wasan ya yi rowar ambaton ɗariƙar Sanusiyya, alhali a cikinta Umar Mukhtar ya tashi, ita ta aike shi har ƙasar Chadi ya riƙe zawiya kafin yaƙin Italiya. Mai gida ya faɗa wa iyalinsa wannan. Akwai kuma kisa da rataya a ciki, ƙananan yara su kwanta tukuna.

Na biyu shi ne Ar-Risala na Larabci, ga wanda ya bi malaman da suka sauƙaƙa. Amma a yi wa yara bayani cewa rashin ganin Sayyidina Abubakar da Umaru da Aliyu a fagen Badar ladabi ne na mai majigi, ba wai ba su halarta ba. Gama tun da ba a iya nuna su ba, sai aka ɗora mafi yawan aiki a kan Hamza, yaron da bai karanta sira ba kuwa zai ɗauka shi kaɗai ne jarumin. A buɗe Ishiriniya ko littafin sira a gefe, a gwada abin da aka gani da abin da aka rubuta.

Na uku namu ne, in an dace da samunsa, watau Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labari ne ƙagagge, mai shi bai ce tarihi ba ne, amma zamanin da ya siffanta na gaske ne, zamanin harin bayi da ayarin hamada, da yaron da aka raba da uwarsa aka kai shi ƙasar Larabawa ya dawo malami, da uwar da ta bi sawunsa. An gyara tsohon faifansa aka nuna shi a Barlin ta ƙasar Jamus a 2018. Abin kunya ne a ce Jamusawa sun zauna sun kalle shi, 'ya'yanmu kuwa sun haddace sunayen jaruman Turkawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Ba ya bukatar tafinta, ba mai shiga tsakaninka da shi.

Game da yadda za a yi kallon, abin da na ke yi a gidana tun bayan abin da ya same ni shi ne, ba na cewa "na ji an ce." In ban gani ba, sai in ce ban gani ba, ko da mai tambayar zai raina sanina. In na gani, na kan faɗi wanda ya yi shi, da ƙasarsa, da abin da na ga yana nufi. A kan zauna tare, babba da yaro, a tsakar gida, ba kowa da wayarsa a ɗaki ba. In aka zo wurin da ya saɓa wa littafi sai in tsai da shi, in ce wannan ƙari ne, ga abin da aka rubuta. Da fari yara sun ƙosa da ni, yanzu kuwa su ke riga ni tambaya, su ce, "Baba, wannan na littafi ne ko na majigi?" Ranar da na fara jin wannan tambaya na yi hamdala, gama ita ce abin da na ke nema. Kashi ɗaya a dare ya isa. Masu shirya wasannin nan gwanaye ne wajen yanke labari daidai inda rai ya ke son ci gaba, don ka ce bari in ƙara ɗaya, har zakara ya yi cara. Wasan da ya nuna maka jarumai suna salla a fagen fama, ya kuma sa ka makara sallar asuba, ya karɓa daga gare ka fiye da abin da ya ba ka.

Na koma wurin maƙwabcina na gaya masa cewa na yi kuskure da na yabi abin da ban gani ba, na roƙe shi gafara. Almajirin nan ya wuce Suratu Yusufu, yana gab da sauka, Allah ya yi masa albarka. Ya daina cewa sunan sarkin Akanatun, amma da na tambaye shi batun fuskar, sai ya sunkuyar da kai. Wannan ni na jawo, ina neman gafarar Allah.

Ya 'yan'uwa, ku tuna da Isa mai iyo, wanda aka ɗaura wa amana a ƙugu, ya isar da ita yana da rai, teku kuma ta isar masa da ita bayan ya rasu, ba ragi ba ƙari. Labarin magabata amana ce irin wannan a ƙugun kowane mai gida, tsakaninsa da 'ya'yansa kuwa akwai jiragen masu ƙari da masu ragi. Allah ya ba mu ikon isar da ita yadda muka karɓo. Ya tsare idanunmu da na zuriyarmu, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, ya sa mu cika da imani. Amin. Haza wasalam.